Wace kyamara ta dace da ɗaukar bidiyon aikin hannu?

Mai kallon bidiyon saƙa, sassaƙa ko ginin tukwane hannu yake so ya gani: yadda allura ke huda fata, yadda yumɓu ke tashi tsakanin yatsu. Don haka ma'aunin farko shi ne ko kyamarar za ta iya matsowa kusa, ta tsaya cak a kan aikin.

GoPro, ƙaramar kyamarar ɗaukar wasanni, a bar wa masu tseren keke, gilashinta yana lanƙwasa miƙaƙƙen katako. Waya mai kyau tana yi, sai dai da zarar hannu ya gitta sai ta bi shi, aikin ya dushe, in ba ka danna allon ka riƙe ta kulle a wuri ɗaya ba.

Zaɓina Sony ZV-E10 ce, wadda ta fito a 2021. Ana cire gilashinta a sauya. Sa mata na makro, wato gilashin ɗaukar abu kusa-kusa, mai 30mm, za ka ga zare ɗaya-ɗaya. Saita faɗin ƙofar hasken gilashin tsakanin f/5.6 da f/8, domin a f/3.5 bakin wuƙa zai fito, ƙotarta ta ɓace. Jikinta ba ya daidaita rawar hannu, saboda haka dole ka saya mata ƙafa mai hannun da ke miƙawa saman tebur, ka rataya nauyi a ɗaya gefen don kada ta kife. Inda wutar lantarki take 50Hz, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitila na iya riƙa ƙyaftawa a bidiyon.

Sai katin ajiya, inda ake cutar mutane sosai. Bidiyon 4K a 100Mbps yana cin kusan 750MB a minti, don haka nemi mai alamar V30, wadda ke nuna saurin rubutunsa ya isa. Amma alama bugawa ake yi. Jabun kati zai nuna maka 256GB alhali cikinsa bai wuce 16GB ba. Yana cika sai ya hau rubutu a kan na baya, ba gargaɗi. Tukunyar da aka riga aka gasa kuma ba ta komawa yumɓu a sake ɗauka. Kafin ka fara aiki da kati, gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, ka bar ta ta cika shi taf ta karanta. Ko kuskure ɗaya ta nuna, mayar wa mai shi tun rasit yana hannunka.