Rigar Soso, Mariƙi da Maƙali: Sharhi Kan Kayan Sauƙaƙa Ɗaura Bel ɗin Mota Ga Mai Ciwon Jijiyar Hannu

Ana sayar da waɗannan kayan a ƙunshi ɗaya a shagunan intanet, kuma kamfanoni da yawa ne ke yin su da siffa kusan iri ɗaya, don haka abin da zan faɗa ya shafi samfurin kayan ne gaba ɗaya. Abubuwa uku ne a ciki: rigar soso mai laushi da ake naɗe bel da ita a daidai kafaɗa, da mariƙi na roba da ake maƙala wa bel domin hannu ya kai gare shi, da kuma maƙali mai haɗe bel ɗin kafaɗa da na ƙugu don a janye shi daga wuya. Na yi amfani da su ne a matsayin wanda jijiyoyin hannunsa na hagu suka samu rauni, hannun ba ya ɗaguwa sosai, fatar kafaɗar kuma wani wurin ta mutu, wani wurin ko riga ta goge ta sai ta yi zugi. Ra'ayina shi ne biyu daga cikin kayan suna da amfani matuƙa, na ukun kuwa bai kamata ya shiga motar kowa ba, duk da cewa shi ne ya fi saurin kawo sauƙi.

Kafin a auna kayan, ya dace a san dalilin da ya sa bel ke azabtar da mai irin wannan ciwo. Jijiyoyin da ke ba hannu motsi da ji suna fitowa ne daga laka ta saiwoyi biyar a ƙasan wuya, waɗanda likitoci ke lissafawa daga C5 zuwa T1, su haɗu su sarƙe, sannan su ratsa tsakanin tsokokin gefen wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, su gangara hammata. A kan wannan hanya kuwa bel ɗin kafaɗa yake kwanciya. Idan jijiyoyin sun miƙe fiye da kima ko sun tsinke, kamar yadda yake faruwa a haɗarin babur ko mummunar faɗuwa, fatar da suke ciyarwa takan rikice, taɓawa kaɗan ta zama raɗaɗi, tsokar kafaɗa kuma ta rame har ƙashi ya rasa abin da zai tare masa matsi. Jijiyar da ke farfaɗowa tana tsiro ne kimanin milimita 1 a rana, saboda haka mai ciwon zai shafe watanni ko shekaru yana shiga mota a wannan hali, ba abin da za a ce masa ya daure na ɗan lokaci ba ne.

Barin bel ɗin gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce. Bel mai maɗauri uku da muke gani a motoci yau Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo, aka fara sa shi a shekarar 1959, kuma hikimarsa ita ce ya ɗora ƙarfin karo a kan ƙasusuwan da suka fi juriya, wato ƙashin ƙugu da ƙirji da kafaɗa, ya kauce wa ciki da wuya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa bel yana rage haɗarin mutuwa da kashi 45 cikin 100 ga wanda ke zaune a gaban ƙaramar mota. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a idan ta daki abin da ba ya motsi, jikin da ke cikinta yana ɗauke da ƙarfin wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. Mai hannu ɗaya lafiyayye ba shi da abin tokarewa, kuma kafaɗar da aka yi wa tiyatar jijiya ba ta da sauran rauni da za ta iya ɗauka. Da wannan ma'auni na duba kowane kaya: shin ya kawo sauƙi ba tare da ya sauya hanyar da bel ke bi ko ya sassauta shi ba?

Rigar soson ta ci wannan jarrabawa. Bel ɗin mota bai kai santimita 5 ba a faɗi, an saƙa shi da zare mai tauri, kuma gefensa ne ke cizon fata duk lokacin da mota ta yi tsalle ko aka taka birki. Rigar tana rufe wannan gefe, ta baza matsin a wuri mai faɗi, har ya zama abin da na ji a kafaɗa nauyi ne kawai, ba gurza ba. Ga wanda fatarsa ke zugi da taɓawa kaɗan, matsi tsayayye ya fi sauƙin jurewa a kan gogayya mai kai da komo, kuma ainihin abin da rigar ke yi ke nan. Ba ta taɓa bel ɗin ƙugu, ba ta kuma matsar da na kafaɗa daga inda aka tsara ya kwanta.

Amma tana da aibobi da ya kamata a sani. An rufe ta da manne irin na Velcro, kuma bakin mannen yana da kaushi, idan ya juyo ta wajen wuya zai iya kankare fatar da ba ta ji har ta yi ja ko ta saluɓe mutum bai sani ba. Dole ne a juya ɗinkin ya kalli waje, a kuma duba fatar a madubi bayan doguwar tafiya, domin fatar da jijiyarta ta mutu ba ta yi wa mai ita gargaɗi. Rigar tana tara zufa a lokacin zafi, tana zamewa ƙasa a hankali har sai an mayar da ita, sannan idan ta yi kauri da yawa takan hana bel komawa mazauninsa bayan an kwance shi, ko ta ɓoye murɗewar da bel ya yi a cikinta. Wadda ta zo a ƙunshin siririya ce, kuma hakan ya fi mini, duk da cewa mai kauri ta fi daɗin taɓawa. Kada kuma a ɗauka cewa soso yana rage ƙarfin karo, domin a lokacin haɗari zai matse nan take ya zama kamar babu shi. Aikinsa na zaman yau da kullum ne, kuma bayan an ɗaura sai an ja bel ɗin kafaɗa sama kaɗan don ya ɗame a jiki.

Mariƙin ne ya ba ni mamaki, domin ban sa ran zai yi wani tasiri ba. A motar da sitiyarinta ke hagu, bel ɗin direba yana fitowa ta kafaɗar hagu, na wanda ke gefensa kuma ta kafaɗar dama, a motar da sitiyarinta ke dama kuwa akasin haka ne. Mai ciwon hannun hagu idan fasinja ne, zai so ya zauna a ɓangaren dama domin bel ya kwanta a kafaɗarsa mai lafiya, sai dai a nan ne ɗaurawa ta fi wahala, saboda hannun dama zai lanƙwashe ya koma baya ta saman kafaɗarsa ya lalubo bel, sannan ya ratso ƙirji ya sa harshen ƙarfen a makulli ta ƙugun hagu, kusa da hannun da ba ya taimakawa. Mariƙin yana kawo bel ɗin gaba da ɗan taƙi, ya zama ana kama shi ba tare da murɗa wuya da gangar jiki ba, murɗawar da ita kanta takan tayar da zugin jijiya. Ta haka kujerar da ta fi dacewa da kafaɗa ta zama wadda mutum zai iya ɗaura wa kansa bel a kanta ba sai ya jira wani ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya gaji da neman taimako a kan kowane ƙaramin aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato a zame shi daga kan ƙirji da ƙashin kafaɗa bayan an ɗaura, don kada wani abu mai tauri ya shiga tsakanin bel da jiki. Wani lokaci kuma yakan hana bel komawa gaba ɗaya, ƙofa ta datse shi, wanda yake cinye zaren a hankali, don haka a riƙa mayar da shi da hannu kafin a rufe ƙofa.

Maƙalin shi ne wanda ba na so, kuma ina faɗar haka ne duk da cewa na san daɗin da yake kawowa. Da zarar an haɗe bel ɗin kafaɗa da na ƙugu da shi, bel yana barin gefen wuya, zugin ya lafa, mutum ya ji kamar ya samu abin da yake nema. To amma idan aka kalli jiki da kyau za a ga abubuwa biyu sun faru. Na farko, bel ɗin kafaɗa ya koma can bakin kafaɗa, inda zai iya sulluɓewa ta dantse idan jiki ya fizgu gaba, musamman a kafaɗar da ta rame ta kuma saki saboda raunin tsoka. Na biyu, kuma shi ne mafi muni, maƙalin ya ɗago bel ɗin ƙugu daga kan ƙashi ya ɗora shi a kan ciki. A haɗari, bel ɗin da ke kan ciki yana nutsewa cikin hanji da sauran kayan ciki, kuma jiki na iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Akwai wani samfurin maƙalin da ake dannawa a saman bel kusa da ginshiƙin ƙofa don ya bar sassauci a ƙirji, kuma shi ma matsalarsa ba ta gaza wannan ba, domin yawancin motocin zamani suna da na'urar da ke fizge bel ta ɗame shi a farkon karo, kuma akwai iyakar tsawon da za ta iya janyewa. Duk sassaucin da ya wuce haka tazara ce da jiki zai yi gudu a cikinta kafin bel ya tare shi, ya tare shi da ƙarfin da ya fi na da.

Na duba takardar da ta zo da ƙunshin ban ga alamar an gwada maƙalin a gwajin karo ba. Bel ɗin mota kansa yana bin ƙa'idoji masu tsauri, kamar ƙa'ida ta 16 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci da kuma FMVSS 209 ta Amurka, amma gwajin da aka yi wa bel bai haɗa da robar da wani ya maƙala masa daga baya ba. Abin da ya fi damuna shi ne an sa maƙalin a ƙunshi ɗaya da kaya biyu masu kyau, ana tallata su ga masu ciwo da tsofaffi, mutanen da zafi zai sa su karɓi duk abin da ya kawo musu sauƙi ba tare da tambaya ba. Haka nan dabarar da masu ciwon kafaɗa suka fi yi ba tare da wani kaya ba, wato zura bel ta ƙarƙashin hammata ko jefa shi bayan kujera, tana cikin wannan sahu. Ta hammata, ƙarfin karo yana sauka a kan haƙarƙari da hanta ko saifa, kai kuma ya tafi gaba babu abin da ya riƙe shi. Ta bayan kujera, jiki yana ninkewa biyu a kan bel ɗin ƙugu, abin da ke jawo karayar ƙashin baya da fashewar hanji.

Aikin da maƙalin ke iƙirarin yi, motar kanta tana da hanyar yin sa cikin aminci. Motoci da yawa suna da madanni a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, wanda ke ɗaga mafitar bel ko ya sauke ta, kuma sauke ta mataki ɗaya ko biyu yakan janye bel daga wuya ya kwantar da shi a tsakiyar kafaɗa. Ɗaga kujera sama yana yin irin wannan aiki. A bar jinginar kujera a miƙe, domin kwantar da ita baya yana raba bel da ƙirji, kuma direba ya bar tazarar da ta kai santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari saboda jakar iska da ke kumburowa daga sitiyari a lokacin karo. Da na haɗa waɗannan gyare-gyare da rigar soso, na samu mafi yawan sauƙin da maƙalin ya ba ni, bel ɗin ƙugu kuma yana kwance a kan ƙashi inda ya kamata.

Ga mai rataye hannu, shawarar da likitan fisiyo, wato mai kula da motsin gaɓoɓi, ya ba ni ita ce bel ya kwanta a kan ƙirji kai tsaye, hannun da maratayinsa su kasance a samansa, don kada bel ya danne hannun a jikin haƙarƙari. Ƙaramin matashi a kan cinya yana ɗauke nauyin hannun ya hana shi jan jijiyoyin wuya a hanya mai gargada, amma a ɗora shi bayan an ɗaura bel, kada ya shiga ƙarƙashinsa. Wasu sukan ƙara da abin tsawaita bel don makulli ya matso kusa da hannu, sai dai an yi shi ne domin masu ƙibar da bel bai zagaye su ba, kuma ga mai matsakaicin jiki yana kawo makullin ƙarfe kan ciki. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, likita na iya ba da takardar da ke ɗauke wa mutum wajibcin ɗaura bel saboda lalura, amma takardar tana kare shi ne daga hukunci kawai, kuma likitoci ba sa bayar da ita sai sun ga babu wata hanya.

Wanda zai sayi wannan ƙunshi ya saya domin rigar da mariƙin, ya ajiye maƙalin a gefe, ko kuma ya nemi biyun daban idan ana sayar da su haka. Idan an yi masa tiyata a wuya ko kafaɗa kwanan nan, ya tafi da rigar wurin likitansa ya nuna masa inda za ta kwanta, domin wurin ɗinki da wurin da aka dasa jijiya sun bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma likitan ne zai faɗa masa ɓangaren motar da ya fi dacewa ya zauna har raunin ya warke.