Tikitin da ya shekara biyu yana jira: sharhi kan wasan ban kwana na KISS a Paris

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma sai da aka ja mana rai. Tikitin da na saya a ƙarshen 2019 don kallon ƙungiyar KISS a zauren Accor Arena da ke unguwar Bercy a Paris, ranar 9 ga Yunin 2020 aka rubuta a jikinsa. Ban taka zauren ba sai ranar 7 ga Yunin 2022. A tsakanin nan korona ta zo, aka ɗage wasan har sau biyu, na kuma biya wani kuɗin daban don kallonsu ta intanet daga Dubai. Duka zan haɗa in auna, domin a wurina ciniki ɗaya ne.

Ga wanda bai san su ba, KISS mawaƙan rok ne masu kiɗa mai nauyi, an kafa ƙungiyar a New York a 1973. Su ne masu shafa farin fenti da baƙi a fuska, su sa sulke da takalma masu tudun dunduniya. Biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, Paul Stanley da Gene Simmons, su ne suka riƙe ta har ƙarshe, tare da Tommy Thayer a kan gita da Eric Singer a kan ganguna. Rangadin da suka kira End of the Road, wanda suka ce daga shi sun ajiye yawon duniya, ya fara a Vancouver ta Kanada ranar 31 ga Janairun 2019, da niyyar rufewa a New York ranar 17 ga Yulin 2021. Ni ɗan Damagaram ne da aiki ya kawo Faransa, kuma kunnena ya saba da kukan gitar lantarki tun daga kasusuwan 'yan Agadas da muke saurara muna yara. Da aka ce wannan ne karo na ƙarshe, sai na cire abin da ya ɗan haura Yuro 100, wato sama da jika 65 na sefa, na saya.

Wasansu na ƙarshe kafin komai ya tsaya shi ne na Lubbock a jihar Texas, ranar 10 ga Maris 2020. Mako guda bayan haka Faransa ta shiga kulle. Babu mai hankalin da zai zargi ƙungiya don ta fasa tara mutum kusan dubu 20 a rufaffen zaure a irin wannan lokaci, ni ma ban zarge su ba. Inda raina ya ɓaci shi ne wajen kamfanin da ya sayar mini da tikitin. Makonni suka wuce babu bayani, kowa ya san wasan ba zai yiwu ba, amma shafinsu yana nan yana nuna tsohuwar rana. Da saƙon ya zo, gajere ne: an ɗage zuwa Yunin 2021, tikitinka yana nan daram. Hanyar neman a mayar da kuɗi kuwa an cusa ta can ƙasa cikin ƙananan haruffa, da wa'adi ɗan kaɗan. A watan Mayun 2020 gwamnatin Faransa ta fitar da doka da ta ba masu shirya wasanni damar ba mutum takardar bashi maimakon tsabar kuɗinsa idan an soke wasa. An yi haka don kada kamfanonin su durƙushe, kuma na fahimci dalilin. Sai dai a aikace ma'anarsa ita ce mu 'yan kallo muka ranta musu kuɗi ba tare da an nemi yardarmu ba, a lokacin da da yawa cikinmu aiki ya tsaya. Wani abokina ɗan Maraɗi da muka saya tare ya koma gida kafin ranar ta zo, sai da ya sayar da nasa a kan asara.

Mu ma mun yi sa'a. Wasan da aka shirya a Johannesburg a Yulin 2020, wanda da shi ne zuwansu Afirka ta Kudu na farko, bai taɓa yiwuwa ba.

Sai maganar Dubai. A daren 31 ga Disambar 2020 suka yi wasa a otal ɗin Atlantis da ke tsibirin Palm, aka watsa kai tsaye ga wanda ya biya kusan dala 40. A Faransa a daren an hana fita tun ƙarfe 8, saboda haka na biya na zauna gaban kwamfuta. Sha biyun dare a Dubai ƙarfe 9 ne a Paris da Yamai da Kano, don haka mun ga sabuwar shekara da wuri. Hoton ya fita tas, kyamarori ta ko'ina, kuma a daren suka shiga kundin Guinness da harshen wuta mafi tsawo a wasan kiɗa, mita 35, da kuma harsunan wuta 73 da aka harba lokaci guda. An lura kuma cewa Gene Simmons bai yi amansa na jinin bogi ba a can, saboda mutunta al'adar ƙasar. Amma gaskiya ita ce wutar da ba ka ji zafinta a fuska ba hoto ce kawai. Mutanen da ke gaban dandamalin 'yan kaɗan ne, sauran suna leƙowa daga barandar ɗakunansu, Paul Stanley yana kiran jama'a su amsa, amsar tana dawowa siririya. Wannan ƙungiya ba a gina ta don ƙaramin allo ba. Da za a maimaita, da ban biya ba.

A 2021 Turai ba ta buɗe yadda ake so ba, aka sake tura mu zuwa 2022. A Amurka kuwa sun koma hanya a watan Agustan 2021, kuma ba su yi kwana goma ba aka soke wasan wani gari kusa da Pittsburgh saboda gwaji ya nuna Paul Stanley ya kamu. Bayan 'yan kwanaki Gene Simmons ma ya kamu. Su biyun sun warke. A watan Oktoba mutumin da ya shafe kusan shekara 20 yana kula da gitocin Stanley ya mutu da cutar a ɗakin otal a Chicago inda aka killace shi, yana da shekara 53. Mujallar Rolling Stone ta ruwaito wasu ma'aikatan rangadin suna cewa ba a yin gwaji yadda ya kamata, ƙungiyar kuma ta musanta, ta ce ta bi duk ƙa'idojin da hukuma ta gindaya. Na kawo wannan ne domin mai tikiti yana ganin mutum huɗu a kan dandamali, ya manta da ɗimbin masu ɗaura fitilu da jan wayoyi da tuƙa manyan motoci, waɗanda ba su da albashi idan babu wasa, kuma su ne a bakin haɗari idan an koma da wuri.

Yanzu ga daren kansa. A Yunin 2022 an riga an janye takardar shaidar rigakafi da dokar takunkumi, don haka a ƙofa jaka kawai aka duba. Tikitin nan mai tsohuwar rana na'ura ta karanta shi ba gardama, wanda shi ne abin da na fi fargaba. Zauren ya cika. Akwai dattawa masu furfura da fuska a shafe, akwai waɗanda suka zo da 'ya'yansu, har da jikoki. Masu takunkumi ba su da yawa.

Da labule ya faɗi, sai ga su suna saukowa daga rufi a kan faifan ƙarfe, wuta tana tashi ta bayansu, ƙarar fashewa tana dukan ƙirji. Ina zaune can gefe a sama, nesa da dandamali, amma duk lokacin da aka saki harshen wuta sai na ji zafinsa a goshi. Nan ne na gane abin da Dubai ta rasa. Simmons, yana da shekara 72 a lokacin, ya hura wuta daga bakinsa, daga baya aka ɗaga shi sama cikin koren haske da hayaƙi yana zubar da jinin nan nasa, sanye da kayan da shi da kansa yake cewa sun kai kilo 18. Thayer ya riƙa harba tartsatsi daga kan gitarsa. Dandamalin ganguna ya tashi sama da Singer a kai. Wajen ƙarshe Stanley, mai shekara 70, ya maƙala ƙafa a zobe, igiya ta ɗauke shi ta saman kawunan jama'a zuwa wani ƙaramin dandamali a bayan zauren, mu na kujerun nesa muka samu rabonmu. Aka rufe da ruwan yankakkun takardu har ba ka ganin na gabanka, ya rotsa gita a ƙasa. Awa biyu cur, babu inda aka yi sanyi in ban da doguwar kaɗaitar ganguna da ta ɗan gundure ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu ko alama ɗaya a kan dandamalin da ke nuna duniya ta shiga wani hali. Wanda ya kalli bidiyon wasanninsu na 2019 ya riga ya ga na 2022: inda za a hura wuta, inda za a tashi sama, har barkwancin da Stanley yake yi tsakanin waƙoƙi, kusan duk iri ɗaya. Kamar hawan sallah ne a ƙofar fada, ka san wanda zai fara fitowa, ka san lokacin da 'yan bindiga za su saki albarushi, kuma sanin bai taɓa hana ka zuwa ba. Wannan tsari da ba ya motsi shi ya sa suka iya ajiye wasan sama da shekara guda su ɗauko shi kamar jiya aka naɗe. Shi ne kuma rauninsa. Na so a ce bayan duk abin da ya faru an samu minti ɗaya da ba a tsara ba.

Ga kuma zancen murya, wanda ba zan tsallake ba. Kwana ɗaya kafin namu, a Antwerp ta Beljiyam, mai ganga ya ɗan kuskure a waƙar farko, sai aka ji muryar Stanley tana fita alhali ba ya kusa da makirufo. Bidiyon ya zagaya duniya, ya ƙarfafa abin da aka daɗe ana faɗa, cewa ana tallafa masa da muryar da aka naɗa tun farko. Manajansu Doc McGhee daga baya ya ce Stanley yana rera kowace waƙa, naɗaɗɗiyar muryar rakiya ce kawai. A Paris kunnena ya ji bambancin: idan yana magana muryar a dishe take, tana karyewa, idan waƙa ta tashi sai ta fito sumul. Mutum mai shekara 70 da aka yi wa aiki a maƙogwaro ba zai rera kamar ɗan 25 ba, kuma ban ga laifin neman tallafi ba. Abin da ya sa zancen ya yi ɗaci shi ne Simmons da bakinsa, a 2015, ya soki mawaƙan da ke karɓar dala 100 a tikiti suna kunna naɗaɗɗen sauti ba su faɗa wa mutane ba.

Wanda zai je irin wannan wasa ya tafi da abin toshe kunne, ba wasa nake ba. Ya kuma san cewa ana sayar da giya a wurin, kuma siffar da Simmons yake ɗauka ta aljani ce, da jini da fiffiken jemage. Wasan kwaikwayo ne, amma ba kowa ne zuciyarsa za ta ɗauka ba, kuma ban ga dalilin kai ƙaramin yaro ba duk da na ga masu kaiwa.

An sayar mana da tikitin a matsayin ban kwana, sai ga shi a Yunin 2023 sun dawo Faransa sun yi wasa a bikin Hellfest. Waɗanda suka girme ni a harkar dariya suka yi, suka tuna mini cewa a 2000 ma an yi wani rangadin ban kwana. Ƙarshen dai ya zo ranar 2 ga Disambar 2023 a Madison Square Garden, shekara biyu da wata huɗu da 'yan kwanaki bayan ranar da aka sa da farko. A daren suna sauka daga dandamali aka nuna surorinsu na kwamfuta, waɗanda kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙera tare da Pophouse na Suwidin, aka ce su za su ci gaba da wasa a madadinsu. A Afrilun 2024 Pophouse ya saye waƙoƙin da sunan da zanen fuskokin gaba ɗaya. Wasan Paris na ba shi takwas cikin goma, kamfanin tikiti uku. Na surorin kwamfuta kuwa, bayan abin da na gani a Dubai, sai na ji daga bakin wanda ya je cewa wutar ta gaske ce kafin in taɓa aljihuna.