Tawadar Ama-iro ta Pilot: shuɗin sama ya isa rubutun yau da kullum?

Ama-iro tana cikin jerin tawadar Iroshizuku da kamfanin Pilot na Japan ke yi don alƙalami mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawada (fountain pen). Sunan na nufin launin sama da Japananci, kuma bai yi ƙarya ba: shuɗi ne mai haske, irin na sararin Katsina da hantsi bayan an sha ruwan sama a watan Agusta, ba irin shuɗin baba na marina ba. Babbar kwalbar tana cin mililita 50, akwai kuma ƙarama mai 15. A gindin babbar an yi wani ɗan rami daga ciki, inda tawada ke taruwa idan ta kusa ƙarewa, don bakin alƙalami ya samu wurin nutsewa. Dabara ce ƙarama, amma duk wanda ya taɓa karkata kwalba yana farautar ragowar tawada zai yaba mata.

Wajen gudu ba ta da matsala. Tana sauka da laushi, ba ta yankewa a tsakiyar kalma, har alƙalamin da bakinsa ke ɗan karce takarda yakan yi santsi da ita. Inda maganar take shi ne launin, kuma launin ya dogara ne kacokan da kaurin bakin alƙalami. Da siririn baki, mai alamar EF ko F, layin yakan fito fayau kamar an tsarma bula da ruwa. A tuna kuma F ɗin Japan ya fi na Turai siranta, don haka F na alƙalamin Pilot Kakuno na Japan ba ɗaya yake da F na Lamy Safari na Jamus ba. Da rana ana karantawa lafiya. Da dare kuwa, an ɗauke wuta, ana dogaro da fitilar caji, shafi biyu sun isa su sa ido ya fara ruwa. Da baki mai kauri, mai alamar M ko B, labari ya sauya: tawadar na taruwa a ƙarshen kowane ja, gindin harafi ya yi duhu, samansa ya yi haske. Mai rubutun ajami ko Larabci zai fi kowa ganin wannan kyau a cikin lanƙwasar nun da sin. Amma ɗigo da wasali sukan yi rauni idan bakin siriri ne, kuma wurin da ɗigo ɗaya ya zauna ne ke raba harafin ba da na nun.

Takarda ita ce ta biyu. A farar takardar fotokwafi mai nauyin giram 80 tana zama daidai, ba ta cika yaɗuwa ba, tana kuma bushewa cikin 'yan daƙiƙu. A littafin rubutu na 'yan makaranta, mai sakakkiyar takarda, gefen haruffa yakan yi gashi-gashi, kuma da baki mai kauri tana ɓulla ta bayan shafi, a yi asarar rabin littafi. Idan takardar ta ja zuwa ruwan ƙwai, shuɗin yakan dushe ya karkata zuwa kore. Kafin a amince da kowane littafi, a buɗe shafin ƙarshe a ja layi uku, a shafa yatsa a kan na farko bayan daƙiƙa 5, na biyu bayan 10, na uku bayan 20, sannan a juya a duba bayan. Bahago ya fi kowa buƙatar wannan gwaji, tunda hannunsa na bin sawun abin da ya rubuta.

Ruwa abokin gabarta ne. Rini ce narkakke cikin ruwa, ba ta da abin da zai manne ta da takarda. Ɗigon alwala daga gemu, ko gumin hannu a watan Afrilu, ya isa ya wanke kalma ya bar tabo shuɗi-shuɗi. Saboda haka ba ta dace da littafin bashi na kanti ba, ko yarjejeniyar sayen fili, ko adireshi a bayan ambulan da damina. Injin fotokwafi ma ba ya ganin shuɗi mai haske sosai. Sa hannun da aka yi da ita kan fito dishi-dishi, haka ma idan an ɗauki hoton shafin da waya an tura ta WhatsApp. Ma'aikacin da fayil ke ratsa teburinsa ya ajiye alƙalami na biyu da tawada mai duhu. Blue Black ta Pilot ɗin ta fi jure ruwa nesa ba kusa ba. Wanda kuma launin ne ya ja shi, yana son ƙarin ƙarfi, ya duba Kon-peki a cikin jerin Iroshizuku ɗin, ta fi cika ido ko da siririn baki.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Da hunturu, iska busasshiya ce, idan aka bar alƙalami a buɗe ana sauraron lacca ko ana amsa waya, bakin kan bushe, harafin farko ya ƙi fita. Maganinsa rufe murfi da an ɗaga hannu. Idan alƙalamin ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, ruwan cikin tawadar na raguwa, sai ta fito da duhu fiye da yadda aka san ta. Ba lalacewa ta yi ba. Da bazara kuma iskar da ke cikin bututun tawada ke kumbura da zafi, ta turo tawada cikin murfi. A riƙa cika bututun, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi, a sa alƙalamin a aljihun gaba bakinsa na kallon sama, kada a bar shi a mota ko ƙarƙashin kujerar babur. Idan ta ɗiga a farar shadda, a tare ta nan take da ruwan sanyi da sabulu kafin guga ya taɓa wurin. Kwalbar kuma ta zauna cikin kwalinta, nesa da taga, don rana na cin launi mai haske da wuri.

Tawada mai haske ba ta ɓoye ƙazanta. Idan baƙa ce ta riga ta zama a alƙalamin, ɗan abin da ya rage a hanyar tawada zai mayar da Ama-iro ruwan toka. A zuƙa ruwa a fesar har sai ya fito garau, wani lokaci sau goma ko fiye. Ruwan leda ya fi na burtsatse, saboda gishirin ƙasa da kan daskare a siririyar hanyar. Idan ta yi taurin kai, a sa ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka a kofin ruwa, a ɗauraye, a kifa bakin a kan tishu ya kwana. Ban da ruwan zafi, ban da kananzir ko fetur, suna lalata roba. Kada kuma a yi gigin ƙara mata duhu da tawadar allo. Wannan da ƙaro ake haɗa ta, don alƙalamin gamba aka yi ta, kuma ƙaron zai toshe hanyar tawada ƙam.

Tsada kam tana da ita, ta fi tawadar Parker Quink da ta Pelikan 4001, kuma a nan galibi sai an yi oda ta intanet. Sai dai tana jimawa: bututun zuƙar tawada na Pilot mai suna CON-40 bai cin rabin mililita, ke nan babbar kwalba za ta cika shi fiye da sau 100. Ga ɗalibi mai ja wa darasi layi, ko malami mai rubuta sharhi a gefen baƙin rubutu, ko mai littafin ajiye tunani, ta yi, matuƙar bakin M ne kuma takardar fara ce. Wanda bai taɓa ganin ta a takarda ba ya fara da ƙaramar kwalba mai 15.