Famfon hannu na Bosch a kan tsohuwar Mercedes: yana maganin wuyar tashi da safe?

Da hunturu ya shigo Damagaram, wajen Disamba da Janairu, tsofaffin kamiyo sai su fara gardamar tashi da asuba. Direba ya murɗa kile, demare, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ya yi ta juyawa, inji ya ƙi kamawa sai an tara yara an tura. Masu mota da yawa nan take sukan ce babban famfo, wanda ke tura gazuwal cikin inji, ya mutu, su kwance shi su kai gyara da kuɗi masu yawa. A kan Mercedes irin su 911 da 1113 masu inji OM352, sau da yawa laifin na wani ɗan ƙaramin abu ne da ke maƙale a gefen babban famfon: famfon hannu da ake jawo gazuwal da shi.

Na asali da motar ta zo da shi irin mai murɗawa ne: a warware kan, a buga, a sake ɗaurewa. Robar cikinsa takan bushe da shekaru da zafin garin nan. Idan ta bushe, iska na shiga ta nan cikin dare, gazuwal ya sulale ya koma tanki, da safe babban famfo ya wayi gari babu komai a cikinsa sai iska. Sabon samfurin Bosch, baƙi mai dannawa da tafin hannu, ba a warware shi ba a ɗaure shi, saboda haka babu zaren murɗawa da zai cinye, kuma a rufe yake ruf, ƙura ba ta samun hanya. Wannan shi ne babban amfaninsa, kuma a ganinmu ya cancanci kuɗinsa.

Amma kafin a saya a tabbatar shi ne ciwon. A sa mutum ya tsaya bayan mota ya dubi salansa yayin da ake murɗa kile. In babu hayaƙi ko kaɗan, gazuwal bai isa inji ba, zancen iska ne ko toshewar filta. In farin hayaƙi na fita inji bai kama ba, mai yana zuwa, zafi ne bai isa ba: ko batir ya raunana, ko zobban fistan sun cinye, ko bakin anjekta, mai fesa gazuwal cikin silinda, yana ɗiga maimakon feshi. A nan sabon famfon hannu ba zai yi komai ba. Gwaji na biyu ya fi sauƙi. Da safe, kafin a taɓa kile, a buga tsohon famfon sau 20 zuwa 30. In mota ta tashi bugu ɗaya bayan haka, ko kuma gazuwal ya jiƙa yatsu lokacin bugun, an kama ɓarawon.

Sawa ba ta wuce minti 15. A wanke wurin da gazuwal mai tsabta tukuna, domin ƙwayar rairayi ɗaya in ta faɗa ramin tana iya hana ƙaramin bawul ɗin da ke ƙasa rufuwa. A kwance tsohon, a cire tsohon zoben jan ƙarfe, a sa sabo. Kada a maimaita tsohon zobe, ya riga ya taushe, iska za ta bi ta gefensa. A ɗaure daidai hannu, kada a haɗa da bututu don ƙarin ƙarfi, gangar jikin da yake shiga ba ta son tilas. Sannan a sassauta kusar fitar da iska da ke saman filta, a yi ta dannawa har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, a ɗaure, a yi haka a kusar babban famfo. Tunda an riga an buɗe wurin, a sauke ɗan kwalbar nan mai raga da ke ƙarƙashin famfon a wanke ta. Motar da ke shan gazuwal na jarka a bakin hanyar Tanut ko Magarya, za a tarar da ruwa da laka kwance a gindinta.

Aibinsa guda biyu ne. Bugunsa gajere ne, yana jawo mai kaɗan-kaɗan, don haka in tanki ya ƙafe gaba ɗaya sai hannu ya gaji kafin layi ya cika. Na biyu kuma jabu ya yi yawa a shagunan kayan mota, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Na ƙwarai yana da nauyi a hannu, rubutun jikinsa a fili yake, zarensa sumul, in ka danna kan yana dawowa da ƙarfi. Na jabu robarsa takan kumbura cikin 'yan watanni, a koma gidan jiya.

Abin da ba zai gyara ba shi ne batir. Waɗannan motoci galibi batir biyu ne masu volt 12 a jere, volt 24 ke nan. Kowane ya nuna kusan 12.6 a hutu, kuma kada ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin da demare ke juyawa. In ɗaya ya raunana yana jan ɗan'uwansa ƙasa, inji ya juya a hankali, iskar cikin silinda ba ta ɗau zafin da zai kunna gazuwal ba. A goge kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin shasi har ƙarfe ya yi haske. Kuma kada a riƙe kile fiye da daƙiƙa 15 a bugu ɗaya, a bar demare ya huce minti guda kafin a sake. Maganin feshi da ake fesawa a bakin iska don tayar da inji yana tayar da shi, amma bugun da yake yi yana karya zobban fistan, a tsohon inji kuwa gyaransu na da tsada.