Word ko Google Docs: wanne ya fi wajen rubuta takardar neman kwangila?

Wani ƙanena da ke saro albasa daga Aliero ta jihar Kebbi yana kawowa kasuwar Mile 12 a Legas ya so wani otal a Ikeja ya riƙa saye a hannunsa. Suka ce sai ya kawo takarda a rubuce: farashin buhu, ranar kawowa, yadda za a biya. Nan muka zauna zaɓen manhaja.

Microsoft Word tsohon hannu ne, tun 1983 yake. Ba ya buƙatar intanet, ko data ta ƙare kana aikinka, muddin akwai caji. Wajen jera teburin farashi, saka tambarin kamfani a saman shafi da lambar shafi a ƙasa, ya fi ba ka iko. Sai dai na kwamfuta kuɗi ake biya, kuma wanda yara ke ɗora maka a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, ba kullum ne na halal ba.

Google Docs kyauta ne ga mai Gmail. Daɗinsa, kai kana Agege, abokin cinikinka yana Kebbi, ku gyara takarda ɗaya a lokaci guda, yana canza farashi kana gani. Amma in sabis ya yi rauni, sai haƙuri, sai fa in ka kunna masa aiki ba intanet tun farko.

Mu dai Docs muka ɗauka, don alhajin da ke loda wa ƙanen nawa motar albasa sai ya ga kowace lamba da idonsa. Da muka gama, muka mayar da ita PDF, wato fayil ɗin da tsarinsa ba ya canzawa, kafin turawa, kada teburin ya wargaje a kwamfutar manaja.