Bene, fulat ko mai tsakar gida: wanne ya fi wa uwargida?

Abin da aka saba, maigida ne zai zauna da magini su yanka ɗakuna a takarda, ita kuwa wadda za ta wuni a ciki sai ranar tarewa take ganin lungun da aka jefa mata kicin. Uwargida, ki sa baki tun kafin a haƙa fandisho.

Bene ado ne ga mai wucewa a titi. Mai tsohon ciki da mai ciwon gwiwa su suka san wahalar matakala, kuma ba a kai turmi sama. Rufaffen fulat kuma, a Kano cikin Afrilu zafi kan haura digiri 40. A ɗauke wuta ki ga yadda zama ke gagara.

Ni dai nawa shi ne gini mara bene mai ɗakunan zamani, amma da tsakar gida. Fili ƙafa 50 da 100 ya isa, in ba a cinye shi da falo ba. A fitar wa maigida zaure ko falon baƙi mai ƙofarsa da banɗakinsa ta waje, ke kuma ki sha iska da ɗaurin ƙirji ba wanda ya ratsa ki. A tsakar gidan nan za ki yi shanya da daka, a nan za a ɗora tukunyar ruwan wankan jego, a shimfiɗa tabarmi ranar suna, mai kitso ma nan ne shagonta. Kicin ya zama biyu: na gas a ciki, da babbar taga da za ki riƙa hango yara, sai rumfa a waje don gawayi. Sito ya jingina da kicin. Idan gidan mata biyu ne, kowacce da kicin ɗinta da banɗakinta, a zauna lafiya.

Amma duk wannan banza ne in ruwa bai da hanya. Wani mai aikin famfo ya taɓa binne mana siririn bututu mara kauri a ƙarƙashin tayil, ya karɓi kuɗin mai kyau. Kafin shekara bango ya jiƙe, fenti na ɓarewa, sai da aka farfasa kicin ɗin gaba ɗaya. Don haka kada a rufe bututu sai an saki ruwa kin gani da idonki. A zuba bokiti guda a tsakar gida, a duba ko ya gangara kwata ko ya kwanta a ƙofar ɗaki. Salga ta yi nesa da rijiya.

Masu bulo ma sai an sa ido. Wanda aka yi wa rowar siminti, ki kankare shi da farce za ki ga yashi na zuba. Rodi a auna kaurinsa a gaban mai shago, don ana sayar da siriri da sunan mai milimita 12. Tayil mai sheƙi kada ya shiga banɗaki ko kicin komai daɗin bakin mai sayarwa, santsinsa karya ƙugu yake. Dillalin da ya ce ba sai an ga takardun fili ba, ku rabu da shi, kuma a Kano a kai wa hukumar tsara birane ta KNUPDA zanen ginin ta amince kafin a sauke tifar yashi ta farko.