Sandar zamiya kan ƙanƙara: ɗauki mai santimita 145, ka bar 135 ɗin nan

Ƙanena, ka tambaye ni wace sanda za ka saya don zamiyar tafiyar nesa, mai 145 ko mai 135. Tunda tsawonka santimita 175 ne kuma salon kilasik za ka fara, wanda ake bin layi biyun nan da mota ke shatawa a kan dusar ƙanƙara, to 145 za ka saya, kar ma ka tsaya dogon tunani.

Ni tsawona 180, kuma sandar da ta sa na so wasan nan mai 150 ce, wata tsohuwa maƙwabciyata a Oulu ce ta ara min ta mijinta lokacin ina karatu a Finlan, ta ce in tsaya da takalmi a ƙafa, ta jera min ita, ta kawo tsakanin hammata da kafaɗa, ta ce to haka ake so. Wallahi ranar na gane ashe ba ni ne rago ba. Turi ɗaya sai in ji na tafi da nisa, kamar yadda masu kwale-kwale a Dadin Kowa ke kafa dogon gora a ƙasan ruwa su jingina nauyinsu a kai. Da doguwar sanda ba ka durƙusawa sosai, jiki ba ya ta hawa da sauka, nauyinka ne ke faɗawa kan sandar ya tura ka gaba, shi ya sa numfashi ba ya saurin ƙarewa musamman in ana turi da hannu biyu lokaci ɗaya. Har na dawo Gombe da irinta, tana nan jingine bayan ƙofa, yara na tambaya wai ta kiwo ce.

Amma tsawon ma da iyaka. Da 'yan gasa suka ga amfanin dogayen sanduna sai suka koma turi da hannu kawai, a gasar Vasaloppet ta Suwidin akwai masu cinye kilomita 90 ɗin nan daga Sälen zuwa Mora a haka, har hukumar FIS mai kula da wasan a duniya ta sa doka a 2016 cewa a gasar kilasik sanda kar ta wuce kashi 83 cikin 100 na tsawon mutum. Kai lissafa naka, wajen 145 ne. In ta wuce haka kafaɗa ce za ta sha wuya a hawan tudu. Wanda zai yi salon siketin, wato tura ƙafa gefe da gefe ba tare da bin layi ba, shi ne ke ɗaukar mai kaiwa haɓa ko hanci, wajen kashi 90, kai naka zai kama 155 zuwa 160, amma wannan sai gaba.

Ita 135, to tana da sauƙin sarrafawa a satin farko, iyakar abin da zan ce kenan. Irinta na fara saya, wata biyu ina fama da ciwon baya.

Kuma dan Allah ka kula da masu sayar da na hannu a intanet. Wanda ya sayar min ya rantse ta tafiyar nesa ce, ashe ta gangarowa daga dutse ce, gajera mai kauri da nauyi. Wasu kuma sandar kabon ce, irin marar nauyin nan, ta tsage su naɗe wurin da salatif, rana ɗaya za ta karye maka a hanya cikin sanyi. Ka je da abin awo, ka murza ta a hannu ka duba daga sama har tsini kafin ka ba da ko sisi. In 145 ta ƙare ka ɗauki 150, ana cire mariƙin da ruwan zafi a yanke ta daga sama, gajera kuwa ba yadda za a yi a ƙara mata.